Wane irin hoto ake tura wa masu tantance 'yan fim?

Ƙanwata, kin tambaya ko hotunan da aka ɗauke ki a bikin yayarki nan Gombe za su isa ki tura wa masu tantance 'yan wasa a Kano. Gaskiya ba za su isa ba. Hoton biki na nuna kwalliya ne, shi kuwa darakta fuskarki yake son gani yadda Allah ya yi ta, daga kafaɗa zuwa sama, ido cikin kyamara.

Ki je wurin mai hoto da sassafe, kafin rana ta ɗaga ki fara ƙanƙance ido. Ki tambaye shi ko yana da gilashin kyamara mai milimita 85, wanda ake ɗaukar fuska da shi daga ɗan nesa, domin kyamarar waya in an matso da ita kusa, sai hanci ya fito ƙato. Ki yafa gyale mai launi ɗaya, marar duwatsu, hoda kaɗan ta wadatar.

Don Allah kada ki bari ya goge miki fata a kwamfuta. Na san wata yarinya a Pantami da aka share mata tabon goshi, aka ƙara mata haske. Ranar tantancewa mai kiran suna ya dubi hoton, ya dube ta, ya ce ba ita ba ce. Har yau abin na yi min ciwo.

Ki karɓi hotunan a wayarki, ki wanke ɗaya mai faɗin inci 8 da tsawon inci 10.