Likita, da gaske wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kusan duk alwala ina yin asuwaki, wani lokacin har da garin gawayi nake dirzawa, amma dasashina na jini, kuma akwai wani abu rawaya mai tauri da ya manne a bayan haƙorana na ƙasa. An ce in je a yi min wankin haƙori, sai yayata ta hana ni, wai inji yana buɗe giɓi ya bar haƙora suna girgiɗa. Mene ne gaskiya?
Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Da wuya mako ya fita ban ji irin maganar Yaya daga bakin wanda ya zauna a kujerata ba, kuma na san inda ta samo asali.

Da safe kafin ki wanke baki, sa farce ki kankari gindin haƙori. Farin abu mai yauƙi da zai fito ba ragowar tuwo ba ne kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne da ke sake shimfiɗuwa 'yan sa'o'i bayan an goge. Yana da laushi, buroshi ko asuwaki na ɗauke shi. In aka bar shi kwanaki, sinadaran da ke cikin yawu sai su daskarar da shi ya zama kanta mai tauri kamar siminti. Ƙofar yawu na nan ƙarƙashin harshe, shi ya sa taki ta taru daidai wurin da kika faɗa. Da zarar ta kai haka, babu abin da zai cire ta a gida. Gawayi kuwa ki daina don Allah, fatar haƙorin yake cinyewa, ita kuma ba ta sake tsirowa.

Kantar ce ke kumbura dasashi har ya yi jini, a hankali ta riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, ta cike gurbin da ta ci. Ranar da muka fasa ta da inji, mutum ya kai harshe ya ji rami, sai ya ce an buɗe masa giɓi. Giɓin ya daɗe a wurin, kanta ce ta rufe shi, girgiɗar ma daga ƙashin da ta ci take. Injin kansa karkarwa kawai yake yana fesa ruwa, ba ya yankan haƙori. Za ki iya jin tsami in kin sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki, ya wuce.

Asuwakinki kada ki bari. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi tun 1986. Sai dai yawancinmu haƙoran gaba kawai muke gogewa, turame da ɓangaren harshe ba sa gani. Ki haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, safe da kafin barci, minti 2, kina karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ko kin ga jini ki ci gaba. Ki sauya buroshi duk wata 3.

Tunda uwa ce ke, ki riƙa leƙa bakin yara. Mu a Sakkwato mun san cutar noma, wadda ke cin naman baki da fuska, har asibitinta na musamman muke da shi tun 1999, kuma daga kumburin dasashi take farawa ga yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Warin baki da dasashi mai jini a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 ba abin jira ba ne.

Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In kina da ciwon suga ko juna biyu, ki faɗa musu kafin a fara. Ki tafi da Yaya, a duba nata ita ma.