Kafin ka taɓa kwamfutar injin, fara da ɗaukar bayanai

Ɗan'uwa, ka ce kana da Corolla a nan Kumasi, kana son fara ɗaukar bayanan inji kafin a yi mata saiti, wato a sauya tsarin kwamfutar injin, kuma kana tambayar me za ka saya.

Kada ka kashe kuɗi da yawa tukuna. Duk motar fetur da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16, inda ake jona na'ura a karanta bayanan kwamfutar injin, yawanci ƙarƙashin sitiyari. Nemi ƴar na'urar ELM327 mai Bluetooth da ake jonawa a soket ɗin, ka haɗa ta da manhajar Torque a wayarka. Jabun na'urar sun cika kasuwa, don haka ka gwada ta a jikin motarka kafin ka biya.

Zaɓi abubuwa kaɗan: juyin inji, zafin ruwa, zafin iskar da ke shiga, lokacin tartsatsin fulogi, da gyaran man da kwamfutar ke yi, wato yawan man da take ƙara wa inji ko ragewa. Idan ka jibga guda ashirin, karatun zai yi ta jan ƙafa. Gyaran man nan shi na fi damuwa da shi. In ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari, mai yiwuwa akwai inda iska ke sata, ko sensan iska ya yi datti. Kai motar Suame Magazine, unguwar makanikai, a gyara wannan tukuna, domin saiti a kan inji mara lafiya asarar kuɗi ne.

Sensan hayaƙi na tsohon yayi ba ya faɗin gaskiya sai haɗin iska da mai ya kusa 14.7:1, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Idan saitin gaske za ka yi, sai ka ƙara sensan hayaƙi mai faɗin awo, wanda ke karanta haɗin ko ya yi nesa da haka.

Ranar gwaji, bari injin ya ɗau zafi, ka sami hanya mara cunkoso, wani ya riƙe maka wayar. Don Allah kada ka riƙa kallonta kana tuƙi.