Amsar Anti Rabi a gurup ɗin gida kan bidiyon bitamin da kansar hanta

Salamu alaikum 'yan gida. Yaya Sani, na ga bidiyon da ka turo, wai an gano bitamin na maganin kansar hanta. Na san abin da kake nufi, so kake a sai wa Baba kwalaben bitamin a fasa komawa Gee, babban asibitin Kumasi. To a'a, wallahi a'a.

Ka tsaya ka ji. Abin da masu binciken nan ke yi, bitamin ɗin ɗan dako ne kawai. Kamar kayayo, mace mai dako a kasuwar Kejetia, mai gadi ya san fuskarta, sai ya buɗe mata ƙofa ta shige da kayan da ke kanta. Wasu ƙwayoyin kansa suna da kwaɗayin folik asid, bitamin ɗin da ake ba masu ciki, to sai a ƙunsa ainihin maganin kansar cikin wani ɗan ƙunshi da ido ba ya gani, a manna masa bitamin a jiki, ƙwayar ta haɗiye har da guban. Hikimar ita ce magani ya tafi inda ciwon yake, kada ya bi jiki duka yana ɓarna. Har da bitamin A suna gwadawa, tunda a hanta jiki ke ajiye shi. Amma yawancin aikin nan a ɗakin gwaji yake, kan ɓeraye. Kuma bitamin A ɗin nan, in ya yi yawa, shi kansa lalata hanta yake yi. Hantar Baba kuwa ka san halin da take ciki.

Kun manta Kawu ne? Mutumin nan da ke wa'azin magani a cikin trotro, motar haya, shi ya cinye masa kuɗin shago kaf, kwalba bayan kwalba, wai wankin hanta. Wata takwas! Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, sannan aka kawo mana shi. Har yau in na hau motar Aboabo na ji mai irin wannan tallar, raina ɓaci yake. Ni na riƙe masa kai a... to, bari dai. Allah Ya jiƙansa.

Na ce wata takwas ko? Hajiya ta fi ni riƙewa, ina jin ya kai shekara.

Abin da ke kashe mu ciwon hanta na B ne. Sai a 2002 Gana ta sa rigakafinsa cikin allurar jarirai, duk wanda aka haifa kafin nan a gidanmu ya je a gwada jininsa, har da kai Yaya. Masu shi kuma, likita kan sa a riƙa sikanin duk wata 6. Sannan gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna, don Allah a zubar, kar a niƙa a kunu.

Baba dai Litinin zan zo da asuba in ɗauke shi. A nemo min katinsa da takardun gwajin baya.