Kumfar hancin kunkuru a sanyin Jos

Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki: kwana huɗu kunkurun yaranki bai ci komai ba, hancinsa na fitar da kumfa, yana miƙe wuya yana buɗe baki, kina tunanin ba shi ragowar maganin kaji. Don Allah ki dakata da maganin nan tukuna.

Shekara tara ke nan ina kiwon kunkuru a unguwar Rikkos ta nan Jos, kuma abin da kika faɗa na gan shi da idona. Nawa na farko irin manyan nan ne na ƙasar Sahel, masu ƙaya a cinya, waɗanda suka saba da zafin Sakkwato da Nijar. Na ajiye shi a tsakar gida kan siminti, ni a tunanina mai wannan ƙoƙo me sanyi zai yi masa? Wata asuba cikin Disamba na tarar da shi a lungun randa, idanu a kumbure, kumfa tana fitowa ta hanci tana fashewa. Da na kara kunne sai na ji wani siririn fito duk sanda ya ja numfashi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200, kin san yadda daren hunturu yake a nan. Shi kuwa kunkuru jikinsa ba ya samar da ɗumi, na waje yake ara. Da ya yi sanyi garkuwar jikinsa ta yi rauni, sai ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Abin tausayin shi ne ba ya iya tari. Huhunsa a can sama yake ƙarƙashin ƙoƙon baya, majina in ta taru ba ta da hanyar fita. Buɗe bakin nan da kika gani neman iska yake yi, alama ce ciwon ya yi nisa. Rashin cin kuma, mai yiwuwa hanci ne ya toshe, ba ya jin ƙanshin abincin.

Yau da daddare ki shigo da shi ɗaki. Ki sa shi a kwali mai faɗi, ki shimfiɗa tsohon tawul, ban da garin katako saboda ƙura. Ki rataya ƙwan lantarki mai zafi a gefe ɗaya, wajen ya kai digiri 28 zuwa 30, ɗaya gefen ki bar shi yadda zai matsa in zafin ya ishe shi. In an ɗauke wuta, gorar ruwan zafi a naɗe da zane ta wadatar. Kaskon gawayi kam a'a, hayaƙin zai ƙara shaƙe shi. Da hantsi ki zaunar da shi a ruwa mai ɗumi minti 15 zuwa 20, ruwan kar ya wuce haɓarsa, ki tsaya a kansa, sannan ki tsane shi. Ki ja wa yara kunne kar su kifar da shi a bayansa, kuma duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Ɗumi kaɗai ba zai warkar da wanda ya kai ga buɗe baki ba. Gobe ki kai shi wurin likitan dabbobi, mu da muke da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a kusa ba mu da uzuri. Nawa sai da aka ɗora shi a sikeli aka auna allurar daidai nauyinsa, muka yi ta zuwa kusan sati uku. Ranar da ya miƙo kai ya gutsuri kabewa, wallahi har ƙwalla na yi. Abu ɗaya ki riƙe: kar kowa ya yi masa allurar ivermectin, wadda ake yi wa awaki ta tsutsa. Tana shanye jikin kunkuru, tana kashe shi.

In ya fara ci, idan irin nawa ne, ciyawa ce asalin abincinsa, ki ɗan haɗa da ganyen zogale da karas, domin ƙarancin bitamin A ma yana jawo kumburin ido da ciwon hanci. In kuna da wani kunkurun, ki raba su tun yanzu, ana ɗauka.

Ki turo hoton fuskarsa da wurin da yake kwana mu gani. Allah Ya ba shi lafiya.