Tambaya da Amsa: Ɗora sabon inji a kan tsohon babur ɗin tsere

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan manyan baburan nan na tsere da ake shigowa da su 'yan Kwatano, waɗanda injinsu ya gaji amma firam ɗinsu na nan garau. Mun zaɓi huɗu, masu gyaran manyan babura da ke kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Suzuki GSX-R750 ƙirar 1989. Injin ya buga, karanshaf ya ci, kayan gyaransa kuma sun yi wuya. An nuna mini injin Bandit 1200 na 1998 da aka ciro daga babur ɗin da ya yi hatsari. Zai hau? Me zan saya tare da shi?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai hau, Malam, domin injinan biyu 'yan gida ɗaya ne. Daga 1985 Suzuki ta fara ƙera jerin injinan da baƙin mai da iska ke sanyaya su, babu ruwa babu lagireto. GSX-R750 ne na fari, GSX-R1100 ya biyo a 1986 da cc 1052, aka ƙara shi zuwa 1127 a 1989, sannan Bandit 1200 mai cc 1157 ya gaji wannan injin a tsakiyar shekarun 1990. Ɗora babban injin a firam ɗin 750 tsohuwar sana'a ce a Ingila da Amurka, har suna gare ta, 7/11, wato firam ɗin 750 da injin 1100.

Ka san abin da kake saya. A takarda naka na 1989 ya fi ƙarfin doki, wajen 112, Bandit kuwa bai cika 100 ba. Bambancin yana wurin ƙarfin ja: Bandit yana ba da kusan Nm 90 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne) tun inji bai kai juyi 5,000 a minti ba, alhali 750 sai an kai shi wajen juyi 10,000 kafin ya nuna kansa. Ga mai hawa titin Kaduna zuwa Zariya, ba filin tsere ba, Bandit ɗin ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Kada ka yarda a sayar maka da inji tsirara. Ka haɗa da kafireto huɗun da robobinsu, akwatin wuta (mai sarrafa tartsatsin fulogi), kwayil biyu, wayarin gaba ɗaya, makunni, abin sanyaya mai da tiyoyinsa, murfin sifoket na gaba, da hannun kuloci mai tukunyar mai, tunda kulocin Bandit da mai yake aiki. Mai kaya zai ce a bar waɗannan, ai akwai a kasuwa. Babu su a kasuwa yadda yake faɗa, kuma in ka bi su ɗaya ɗaya kuɗinsu zai iya kamo na injin.

Tunda hatsari ya yi, a duba murafun gefe biyu na karanshaf da kunnuwan da ake ɗaure inji da su. Tsagewa a kunne, ko alamar walda a wurin, ka bar shi. A juye baƙin mai a farin faranti a duba ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli. A haɗa batir a auna matsin silinda huɗun. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai aikin ringi ko bawul a gabanka, sai a rage kuɗi.

Inda aikin yake shi ne tsayi. Tafiyar fistin a injinka milimita 44.7 ce, a Bandit milimita 59, don haka kan injin ya fi ɗagawa sama, firam ɗin GSX-R na wancan zamani kuma sandunansa biyu ta saman inji suke bi. Abu uku ke biyo baya. Murfin bawul zai matso kusa da sanduna har cire shi ya zama wahala, shi ya sa ake saita bawul tun inji yana ƙasa, ya kuma huce sarai: milimita 0.10 zuwa 0.15 na shiga, 0.18 zuwa 0.23 na fita, a sa sabon gaskit. Kafireto ma za su hau sama su nemi taɓa famfon buɗewa da rufe fetur da ke ƙarƙashin tanki. Ana ɗaga bayan tanki da roba ko a nemo gajeren famfo. Na uku, bututun salansar 750 gajeru ne ga wannan inji, za su dafe a kaskon mai na ƙasa, na Bandit kuma ba lalle su bi ta tsakanin sandunan firam ba. Sau da yawa sai an yanka an ƙara. In aka sauya kaskon mai don salansa ta samu hanya, a sauya shi tare da bututun da ke zuƙo mai daga cikinsa. Biyun tare aka yi su. In aka haɗa na wannan da na wancan, bakin bututu zai iya toshewa ko ya tsaya sama da mai, inji ya sake bugawa.

Wajen ɗaurewa, a zura dogayen ƙusoshin baya tukuna, duka a sake, ba a matse ko ɗaya ba sai kowanne ya shiga da hannu. Ramin da bai zo daidai ba, a yanko sabon faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 6 ko na alminiyam mai milimita 8 zuwa 10. Ba a faɗaɗa ramin firam da zarto, ba a kuma tura ƙusa da guduma. Firam ɗin alminiyam ne, in aka ɗaure shi a takure, bayan 'yan watanni zai tsage a bakin walda, kuma walda ta bakin titi ba ta gyara shi.

Akwatin wutar Bandit za ka sa, ba na 750 ba. Na 750 yana barin inji ya kai juyi 13,000, Bandit kuwa ƙarfinsa ya ƙare tun wajen 8,500. Ranar da giya ta kuɓuce maka totur yana buɗe, babu abin da zai tare shi.

Sai zafi. A Afrilu, a cunkoson gari, injin da ba shi da ruwa ba shi da fanka yana shan wuya. Sa mafi girman abin sanyaya mai da zai shiga ba tare da tayar gaba ta taɓa shi ba idan shokozoba ta nutse. Mai kuma na babur, mai alamar JASO MA, saboda kuloci cikin mai yake wanka. 10W-40 littafin kamfani ya ce, 20W-50 ya dace da zafinmu. Lita 3.5 yake ci idan an sauya filta, sabon haɗi da tiyoyi babu komai a ciki zai fi haka, sai a tayar, a kashe, a sake duba gilashin awon mai.

Tambaya: Nawa GSX-R750 ne na 1986. Ina so in sa masa injin GSX-R1000 na 2005 mai injekta. Mai walda ya ce komai zai iya.
Mai karatu daga Kano

Amsa: Shawararmu, ɗan'uwa, ka haƙura. Sunan ne kawai ya haɗa su. Injin 2005 an yi shi ne don firam mai kafaɗu biyu da ke zagaye shi ta gefe, shi kansa injin yana cikin abin da ke riƙe babur ɗin. Mashigar iskarsa sama take kallo, akwatin iska yana zaune a kansa, daidai inda sandunan firam ɗinka suke wucewa. In aka yanke su, babu firam kuma.

A ce ma an samo masa mazauni. Injekta tana son fetur mai matsin bar 3, wato famfon lantarki a cikin tanki, tankinka kuwa da nauyin fetur kawai yake zubowa. Kana buƙatar ƙwaƙwalwar injin da wayarinta da duk na'urorin awo, har da wadda ke kashe inji idan babur ya faɗi. In babu wannan ta faɗuwar, famfo zai yi 'yan daƙiƙu ya ɗauke. Waɗanda aka sayar a Turai da yawa makullinsu yana da lambar sirri da aka haɗa da ƙwaƙwalwar, in makullin bai zo ba inji ba zai tashi ba. Ga lagireto da fanka da ba a tanadar musu wuri ba.

Abin da ya fi damunmu ma ba wannan ba ne. Injin yana ba da doki sama da 170, firam ɗin 1986 an yi shi don doki 100 da 'yan kai, a kan tayoyin inci 18, ta baya mai faɗin milimita 140. Birki da shokozoba na shekara kusan 40. Kafin ka gama sauya waɗannan ka kashe kuɗin da zai sayi GSX-R1000 ɗin sukutum. In ƙarin ƙarfi kake so, nemi injin 1052 ko 1127 ko na Bandit, ka karanta amsar da ke sama, sai dai awo kafin saye ya zama dole.

Tambaya: An riga an ɗora mini injin Bandit 1200 na 2002 a GSX-R750 na 1990. Da farko ya ƙi ba da wuta, wani ya yi dabara ya tashi. Yanzu sarƙa tana kuka, sifoket na baya ya cinye ta gefe ɗaya cikin wata biyu, kuma in na buɗe totur da ƙarfi sai ya shaƙe. An cire akwatin iska an sa ƙananan filta huɗu.
Mai karatu daga Jos

Amsa: Ƙin wutar sananne ne. Baburan Suzuki da yawa na wannan zamani suna da rizisto mai ohm 100 a cikin makunni, maganin ɓarayin da ke haɗa waya. Akwatin wuta in bai ji shi ba, ba ya sakin tartsatsi. Mai yiwuwa shi wancan mutumin ya sa. Ka tabbatar dai an like shi da dalma an rufe, ba murɗe waya aka yi da hannu ba, kuma ba a tsallake makunnin jingina na gefe ba, don kada ka tashi da shi a ƙasa.

Sarƙa kuwa, sifoket na gaba da na baya ba sa kan layi ɗaya. Cire sarƙar, daidaita tayar baya da awo daga tsakiyar ƙusar da hannun baya ke lilo a kai zuwa tsakiyar gatarin taya, hagu da dama, kada ka amince da zanen da ke jikin hannun. Sai ka kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifoket na baya ya nufi na gaba. In ratar ta wuce milimita 1, a gyara da wasa mai kauri daidai a bayan na gaba, ko a nemo sifoket mai tudu. Ba a gyara wannan da karkatar da taya, babur zai riƙa ja gefe. Ƙarfin ɗaure notin sifoket na gaba Nm 115 ne, da abin kulle shi. Sayi sabon saitin sarƙa da sifoket duka lamba 530. GSX-R1100 ta zo da 532, suna kama a ido, kada a cakuɗa maka. Haƙora 15 gaba, 45 baya, shi ne na Bandit daga kamfani, daga nan ake farawa. Sakin sarƙa kuma a auna shi lokacin da sifoket na gaba, ƙusar lilo da gatari suka miƙe a layi guda, nan ne ta fi ɗaurewa, a bar mata milimita 10 zuwa 15.

Shaƙewar daga filtocin nan take. Kafireton Bandit mai milimita 36 irin wanda zuƙar iska ke ɗaga fistinsa ne, yana son iska mai natsuwa daga akwati. Da aka cire akwatin, iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, a Jos ma tsayin ƙasa yana ɗan rufa maka asiri, in ka sauko Bauchi zai fi muni. Cire fulogi ka gani: fari fat alamar ƙarancin fetur ce, kuma ita ke ƙona bawul a inji mai sanyin mai. Mafi sauƙi a mayar da akwatin 750 a ƙera robobin da za su haɗa shi da kafireto. In ba zai yiwu ba, a ƙara girman babban jet, ramin da fetur ke bi a kafireto, mataki mataki, a ɗaga allura, ana duba fulogi bayan kowane mataki har ya koma ruwan ƙasa, sannan a daidaita huɗun da ma'aunin zuƙa. Lokacin hunturu kuma filtocin nan sai an wanke an shafa musu mai duk mako biyu, in ba haka ba ƙura za ta cinye ringi.

Tambaya: Takardu fa? Lambar injin ta sauya.
Mai karatu daga Zinder

Amsa: Karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan mai sayarwa, ka ɗauki hoton lambar a jikin inji kafin a ɗora shi. Kai babur ɗin da takardunsa ofishin da ya yi masa rajista a rubuta sabuwar lamba da sabon cc, ka kuma sanar da kamfanin inshora, tunda 750 suka sani. Injin da aka goge lambarsa ko aka sake bugawa, kome arhar sa, kada ka saya.