Tambaya da Amsa: Yadda Dokokin Gwamnati Ke Juya Akalar Gini Mai Kare Muhalli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne. Ana koya mana ginin da ke tsimin wuta da ruwa, amma na lura masu gini ba sa yi sai an tilasta musu. Yaushe gwamnatoci suka fara sa baki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Tsadar mai ce ta fara tayar da su daga barci. A 1973 ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu. Faransa ta kafa dokar hana zafi tserewa daga gini a 1974, Jamus ta Yamma a 1977, jihar Kalifoniya ta Amurka a 1978. Lokacin aljihu ake dubawa, maganar sauyin yanayi daga baya ta shigo.

Abin da ka lura da shi gaskiya ne, dalilinsa kuwa a fili yake: wanda ya gina gida don ya sayar ko ya ba da haya, ba shi ke biyan kuɗin wuta ba. To me zai kai shi sayen tagar gilashi mai ruɓi biyu?

Daga nan aka shiga zamanin takardun shaidar gini mai kare muhalli na ganin dama, BREEAM a Birtaniya a 1990, sai LEED a Amurka. Amfaninsu shi ne magina su saba da aikin kafin ya zama dole. Singapo ta fito da Green Mark a 2005, ta mayar da matakinsa na ƙasa wajibi a 2008. Tarayyar Turai ta kawo takardar da ke nuna yawan makamashin da gida ke ci a 2002, kuma daga 2018 Ingila ta hana ƙulla sabuwar haya a gidan da bai kai matakin E ba a wannan takarda, wadda matakanta ke tashi daga A, mafi tsimi, zuwa G. Faransa ta ƙara gaba: tun 2022 ana lissafa har hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa siminti da rodi.

Tambaya: Ɗan kwangila ne ni. Me ya sa irin waɗannan shirye-shirye ke rushewa, alhali an zuba musu kuɗi?

Amsa: Malam, na farko canza magana. A 2006 Birtaniya ta ce daga 2016 duk sabon gida sai ya zama marar fitar da hayaƙi, sai ta soke shirin a 2015, saura shekara ɗaya. Wanda ya horar da ma'aikata ya sayi kayan aiki shi ya kwana ciki, kuma gobe ba zai sake yarda ba.

Na biyu gaggawa. A 2009 Ostireliya ta ba da tallafin shimfiɗa abin hana zafi a saman silin. Kowa ya zama gwani dare ɗaya, ma'aikata huɗu suka mutu, gidaje suka yi gobara, aka rufe shirin a 2010.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran ɓarna, shi ne duba takarda a bar gini. Zane yakan cika ƙa'ida, a zo wurin aiki a rage kaurin abin hana zafi, ko a bar giɓi a kusurwa da gefen taga. Da an rufe silin an yi filasta, shi ke nan. Don haka sai jami'in dubawa ya zo sau uku: kafin a ba da izini, kafin a rufe bango da silin, da bayan kammalawa. A zuwan ƙarshe ake ɗaura fanka a ƙofa, a kai matsin iska faskal 50 (faskal ma'aunin matsi ne), a auna yawan iskar da ke sulalewa. Sai dai a kula, gidan da aka toshe kafofinsa ba a yi masa hanyar shaƙar iska ba, laima da fumfuna ne za su cinye bangonsa.

Tambaya: Shin ƙasa mai zafi za ta iya kwafar dokar Turai?

Amsa: Tsarin dubawar za a kwafa, ban da alƙaluman. Can zafi ake tsarewa a ciki, a ƙasa mai zafi korarsa ake yi: dogayen ɓangarorin gini su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogin yamma, bakin rufi ya zarce ya inuwantar da bango, rufin ya zama mai farin launi. Afirka ta Kudu ta duba abin da ke cin wutarta, a 2011 ta wajabta aƙalla rabin ruwan zafin sabon gini ya fito daga wata hanya ba hita mai waya ba, kamar hasken rana. Inda babu doka tukuna, mai gini na iya kama ma'aunin EDGE, wata takardar shaida ta ganin dama: ragin kashi 20 cikin ɗari kan ginin da aka saba yi, a wuta, da ruwa, da hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa kayan gini.