Mai Tsaron Bayanmu Ya Lalace, A Rabu Da Shi?

Tambaya: Ƙungiyar da nake goyon baya a gasar hokin ƙanƙara ta NHL (ta Amurka da Kanada) tana da mai tsaron baya mai albashi mai tsoka, amma bana kusan duk ƙwallon da aka zura mana yana cikin fili. 'Yan kallo har ihu suke masa. Ba gara a musanya shi ba?

Amsa: Malam, kafin a kai shi kasuwa, a fara gano ko shi ne ya lalace ko kuwa an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Kowace ƙungiya tana shiga wasa da masu tsaron baya 6, bibbiyu a sahu uku. Sahun farko kan yi minti 23 zuwa 25 yana fama da gwanayen abokan hamayya, na uku kuwa wajen minti 15 ne da masu sauƙi. Ɗan wasan da ya dace da sahu na uku, in aka tura shi na farko, dole ya zama abin zagi.

Sannan kada lissafin ƙwallayen da aka ci yana fili ya ruɗe ka. In mai tsaron raga yana tare kashi 88 cikin 100 na harbin da ake masa maimakon 91, laifin zai bayyana a kan na gabansa alhali ba nasa ba ne. Abin dubawa shi ne yawan harbi mai haɗari daga gaban raga lokacin da yake ciki, da yadda yake fitar da faifan (wato ƙwallon hoki) daga yankinsu: yana miƙa wa ɗan'uwansa a sandar wasansa, ko yana watsar da shi jikin katanga don ya huta? Haka kuma a duba juyawarsa in yana gudu da baya. In ƙafa ce ta mutu saboda shekaru ko ciwon ƙugu, wannan ba ya gyaruwa da sauya sahu.

Edmonton ta sha wannan darasi. A Fabrairun 2016 ta ba Pittsburgh Justin Schultz a kan gurbin zaɓen sabon ɗan wasa na zagaye na uku kawai. Pittsburgh ta sauke shi ƙasa, ta rage masa nauyi, ya ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a 2016 da 2017, ya kuma tara maki 51 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a kakar 2016-17. Haka Larry Murphy, wanda 'yan kallon Toronto suka yi wa ihu har aka tura shi Detroit a 1997. Can ya ci kofi biyu a jere.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ke tsayar da ciniki. Gasar tana da iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, dala miliyan 88 a kakar 2024-25, don haka ba wanda zai rungumi babbar kwantiragi haka kawai. Tayin da za a yi muku na wulaƙanci ne: ko ku ci gaba da biyan wani kaso na albashinsa, har zuwa rabi, ko ku haɗa da gurbin zaɓe. In akwai sharaɗin hana musanya a kwantiraginsa, sai ma ya yarda. Soke kwantiragin kuwa, ga mai shekara 26 zuwa sama, yana nufin biyan kashi biyu cikin uku na abin da ya rage a tsawon ninki biyu na shekarun. Vancouver ta yi wa Oliver Ekman-Larsson haka a 2023, za ta ɗauki nauyin shekara 8, shi kuwa ya ci kofi da Florida a 2024.

A ganinmu, a sauke shi sahu na biyu ko na uku, a haɗa shi da abokin tsaro wanda ba ya yawan barin baya, a ba shi wasa 20. In bai farfaɗo ba, a saurari tayi kafin a rufe kasuwa a watan Maris. In kuma mai harbi da ɓangaren dama ne, a ƙara jan rai, don irinsu sun yi ƙaranci kuma samun madadinsa zai fi tsada.